Muwasak: gidan masu gudun duniya a bakin kogin Tarn

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Faransa sun san Pari da Marsai. Ma'aikatan gwamnati da suka je sitaj kuwa sun san Bordo da Tuluz da Monfeliye. Amma da wuya ka ji ɗaya daga cikinsu ya ambaci Muwasak, wanda Faransawa ke rubutawa Moissac, alhali garin yana bisa hanyar da ta haɗa Bordo da Tuluz, kimanin kilomita 70 daga Tuluz ɗin. Ƙaramin gari ne na manoman inabi da sauran ƴaƴan itace, mutanensa ba su kai dubu 15 ba. Abin da ya fitar da sunansa a duniya shi ne wani tsohon gidan ibada na Kirista da aka sa wa sunan Bitrus, almajirin Annabi Isa (alaihissalam), wanda masana gini ke lissafawa cikin mafiya kyawun abin da Turai ta sassaƙa a ƙarni na 11 da na 12. Mu da muka bi ta lakwal mun gamu da kalmar art roman cikin littafin tarihi, muka haddace ta domin jarrabawa, muka wuce. To, gani ya kori ji.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin su wane ne suka zauna a gidan. Ruhubanawa ne, wato mazan da suka ɗauki alkawarin barin aure da dukiya da son ransu, suka killace kansu wuri guda har mutuwa. Suna bin ƙa'idar da wani mutumin Italiya mai suna Benuwa ya rubuta a ƙarni na 6. Bisa wannan ƙa'ida babu mai mallakar komai, ko da alƙalamin rubutu ne. Sau 8 suke taruwa addu'a, 7 da rana, 1 cikin dare. Tare suke kwana, tare suke cin abinci, kuma wajen cin abincin babu mai magana sai mutum guda da ke karanta musu littafi. Na je ne domin in ga yadda mutanen da suka juya wa duniya baya suka zauna. Sai na tarar da sawun duniya ko'ina a gidan, tun daga bakin ƙofa: kasuwa da zinariya da yaƙi, daga bisani kuma alƙalamin ma'aikacin gwamnati.

Kogin Tarn shi ne ya yi garin. Ruwa ne mai faɗi, ja-ja saboda ƙasar da yake kwasowa daga duwatsu, kuma ƴan kilomitoci kaɗan ƙasa da Muwasak yake faɗawa cikin kogin Garon, wanda ke gangarawa Bordo har teku. A bakin gaɓa akwai wani ƙaton gini da asalinsa injin niƙa ne mai aiki da ƙarfin ruwa tun 1474. A ƙarni na 18 garin alkamar da ake niƙawa a nan cikin ganguna ake ɗura shi, jiragen ruwa su kai shi Bordo, daga can a wuce da shi tsibiran Antiy, inda Faransawa ke azabtar da bayi baƙar fata a gonakin rake. Kogin da ya ba su arziki kuma shi ya cinye su: a daren 3 ga Maris 1930 ya cika ya fasa, ya kashe mutum 120 a Muwasak kaɗai, ya rushe gidaje wajen 1400. Gudummawa ta zo daga wurare da dama, har da Maroko, shi ya sa wata unguwa da aka gina bayan ambaliyar ake kiranta unguwar Maroko.

Daga gaɓar kogi, titi ne ke haurawa da kai cikin gari har ya ajiye ka a wani fili, sai ka ga ƙofar majami'ar tsaye a gabanka ƙarƙashin wata hasumiya mai kama da ganuwar yaƙi. Yawancin majami'un wancan zamani babbar ƙofarsu yamma take kallo. Ta Muwasak kudu take kallo, wato wajen gari, wajen masu saye da sayarwa. Tun daga nan mutum zai gane da wa magina suke magana.

Irin wannan gini sai a ƙarni na 19 masana suka raɗa masa suna roman, domin ya gaji dabarun Rumawa. Alamominsa ba su da wuyar ganewa: bango mai kauri ƙwarai, tagogi ƙanana, da baka mai rabin da'ira. Dalili kuwa shi ne gobara. Rufin katako ya sha cin majami'u, sai aka koma rufi da dutse, dutse kuma nauyinsa yana tura bango waje, dole bangon ya yi kauri, dole a rage huda shi. Duk maginin da ya taɓa ɗaura bakan gizo a soro ya san wannan lissafi. A Muwasak ba duka ginin ne ya rage a kan wannan tsari ba. Saman majami'ar an sake shi da jan bulo a ƙarni na 15, kuma ni dai bai riƙe ni ba. Abin zuwa gani shi ne ƙofar da farfajiyar ciki.

Bisa ƙofar akwai rabin faifai na dutse, faɗinsa mita 6 da rabi, tsayinsa mita 4 da rabi, wanda aka sassaƙa tsakanin 1115 da 1130 ko kusa da haka, zamanin wani shugaban gidan mai suna Roje. Abin da ke ciki wahayi ne daga littafin ƙarshe na Linjilar Kirista: Almasihu, kamar yadda suka yi imani da shi, zaune bisa gadon mulki da kambi a ka, halittu 4 kewaye da shi, mai siffar mutum da gaggafa da zaki da bijimi, sannan dattawa 24 a jere hawa 3. Dattawan nan su suka fi ɗaukar hankalina. Kowanensu yana riƙe da ƙoƙo da wani abin kiɗa mai kama da goge, kuma kowane ya karkata wuya yana kallon tsakiya, amma babu biyu da suka yi zama iri ɗaya. Wani ya harɗe ƙafa, wani ya kusa zamewa daga kujera, kamar fadawa da sarki ya shigo musu ba zato. A ginshiƙin da ya raba ƙofar biyu, zakoki 6 ne suka sarƙe da juna bibbiyu, a gefensa kuma wani dogon mutum siriri mai dogon gemu, wanda aka fi cewa Annabi Irmiya ne, ya sunkuyar da kai cikin baƙin ciki. Mu Musulmi ba mu siffanta annabawa, kuma ban ɓoye ba cewa raina bai saba da ganin haka ba. Duk da haka wanda ya fitar da wannan fuska daga dutse gwani ne, babu gardama.

Bangon da ke hannun hagu ga mai shiga, shi ne na ƴan kasuwa. A sama an sassaƙa misalin da ke cikin Linjilar Luka, na wani mai arziki da matalauci Li'azaru. Ga mai arzikin nan da matarsa a gaban akushi suna ci, ga Li'azaru kwance a ƙofa duk jikinsa gyambo, karnuka suna lasa, mala'ika ya sunkuyo yana karɓar ransa, can gefe kuma ga shi a ƙirjin Annabi Ibrahim kamar jariri. A tsakiya ga marowaci bisa gadon mutuwa, matarsa durƙushe tana kuka, wani shaiɗan yana fizge ransa daga baki, wani kuma ya riga ya cafe jakar kuɗin. A ƙasa, daidai tsayin idon mai wucewa, marowacin ne yana raye, jaka rataye a wuya, shaiɗan zaune bisa kafaɗunsa, ga mabaraci yana miƙo hannu a banza. Kusa da shi an yi mazinaciya, macizai suna cizon ƙirjinta. Mutanen gari a lokacin ba su iya karatu ba, amma wannan wa'azi ba ya bukatar tafinta.

Masana tarihi sun lura cewa kafin wannan zamani girman kai ne malaman Kirista suka fi tsoratar da mutane a kai, domin zunubin masu doki da takobi ne. Da kasuwanni suka farfaɗo a ƙarni na 11 da na 12, kuɗi suka yawaita a hannun mutanen birni, sai rowa da riba suka hau sahun gaba. Ba a banza ba ne kuma aka yi wannan bango a wannan yanki. Birnin Kahor yana nan kimanin kilomita 60 daga Muwasak, kuma a ƙarni na 13 fatakensa sun yi suna wajen ba da bashi da ruwa har sunan garinsu ya zama zagi a Turai, ma'anarsa mai cin riba.

Na daɗe tsaye gaban marowacin nan, kuma abin da ya zo mini shi ne: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Domin a duk faɗin yankin babu mai dukiya kamar masu wa'azin. Kowane ɗayansu bai mallaki ko allura ba, gaskiya ne, amma gidan nasu ya mallaki gonaki da garken inabi da injinan niƙa da majami'un ƙauyuka masu biyansa ushiri, shugabansa kuma yana da hannu cikin sarautar garin. Yana da rassa har ƙetaren duwatsun Pirene, a ƙasar Katalan. Attajiri ko basarake in ya ji mutuwa ta matso, sai ya ba gidan gona domin a riƙa yi masa addu'a. Jakar da aka ce a kwance daga wuyan marowaci, an san hannun da ake so ta faɗa.

Wannan arziki yana da mafari. Almara ta ce sarki Kulobis ne ya kafa gidan a 506, amma masana sun daɗe suna kai kafuwarsa ƙarni na 7. Ko ma dai yaya, zuwa tsakiyar ƙarni na 11 ya lalace: rufin majami'a ya rufta a 1030, gobara ta biyo a 1042, ƴan tsirarun da suka rage kuma sun saki ƙa'ida. A 1047 aka danƙa shi ga Kuluni, babban gidan ruhubanawa na Burgoñ da aka kafa a 910, wanda ke juya ɗaruruwan gidaje a Turai kamar uwar kamfani da rassanta. Kuluni ta turo wani mutum mai suna Duran, ya gyara gida, ya zama kuma bishop na Tuluz, aka buɗe sabuwar majami'a a 1063.

Ita Kuluni kuwa, wani kaso mai tsoka na kuɗinta daga inda ba a zato yake zuwa. Bayan rushewar halifancin Kurɗuba, ƙananan sarakunan Musulmi na Andalus sun riƙa biyan sarakunan Kirista na arewacin Sipaniya zinariya kowace shekara domin a bar su lafiya. Daga cikin wannan zinariya sarki Ferdinan na 1 ya yanka wa Kuluni tsaba 1000 a shekara, ɗansa Alfons na 6 ya ninka zuwa 2000 a 1077. Zinariyar Andalus kuma mafi yawanta daga ƙasar baƙar fata take, daga mahaƙan Bambuk da ke tsakanin Mali da Senegal na yau, ta bi ayarin raƙuma ta Audagust da Sijilmasa. Da ita Kuluni ta fara, a 1088, majami'ar da ta fi kowace girma a Turai ta yamma har ƙarni na 16. Da Murabiɗai suka hauro daga Sahara, suka karya Alfons a yaƙin Zallaƙa a 1086, suka tuɓe ƙananan sarakunan daga 1090, sai rijiyar ta fara ƙafewa, Kuluni ta shiga bashi.

Ta wata ƙofa dabam ake shiga farfajiyar ciki, wadda Faransawa ke kira cloître, kuma sai an yanki tikiti. Fili ne mai kusurwa 4, mita 31 a tsawo, 27 a faɗi, ciyawa a tsakiya, rumfuna kewaye da shi. Nan ne zuciyar gidan: nan suke karatu, nan suke wanke hannu kafin abinci, nan suke bi daga ɗakin kwana zuwa majami'a cikin sanyin dare. Siraran ginshiƙan marmara 116 ne ke riƙe da rumfunan, ɗaya tilo, na gaba tagwaye, haka har a zagayo. Bisa kawunansu akwai duwatsu sassaƙaƙƙu 76, kuma 46 daga ciki labari suke bayarwa: Adamu da Hauwa'u, Habila da Ƙabila, Annabi Ibrahim da layya, Dauda da Jaluta, Daniyel cikin ramin zakoki. Sauran ganyaye ne da tsuntsaye da dabbobin da babu su. Bakunan jan bulo da ke samansu an sake su a ƙarni na 13, bayan yaƙin da ya kai Simon na Monfor ga kewaye garin a 1212. Abin da ya sa masana ke ji da wannan wuri shi ne yana ɗauke da ranar haihuwarsa. A jikin wani ginshiƙi na rumfar yamma an zana da Latin cewa an yi farfajiyar a shekara ta 1100, zamanin shugaba Anskitil. Daura da shi, a rumfar gabas, ga siffar Duran a marmara, sandar mulki a hannu, fuska a murtuke kamar sufeto ya zo bincike.

Duwatsu 2 ne nake roƙon duk wanda Allah ya kai shi can ya nema. Na farko, a gefen samansa an jera haruffa masu tsayayyun ƙafafu da ƙugiyoyi, waɗanda duk wanda ya riƙe allo zai ji ya san su, domin rubutun Kufa ne, kakan rubutun Magariba da muke rubuta Alƙur'ani da shi. Na matsa kusa na yi ta ƙoƙarin haɗa baƙi, bai haɗu ba. Mai sassaƙar bai san Larabci ba. Ado ya gani ya kwaikwaya. A lokacin alharini da akwatunan hauren giwa na Andalus suna shigowa taskokin majami'u, wani lokaci ma da su ake naɗe ƙasusuwan waliyyansu. Har gefen babbar ƙofar da muka baro, da aka yanka shi gunduwa-gunduwa kamar bakin zani, masana da yawa Andalus suke kai asalinsa. Na biyu kuwa yana rumfar arewa, kuma da yawa suna karanta shi a matsayin mayaƙan gicciye a ƙofar Baitul Muƙaddas. Lissafin shekaru ya yarda da haka. Paparoma Urben na 2, wanda shi ma ɗan Kuluni ne, ya yi kiran yaƙin a Kilermon a 1095, ya biyo ta Muwasak a 1096, birnin ya faɗi a 1099 cikin kisan da har marubutan Kirista suka ba da labarinsa, kuma Remon, mai sarautar Tuluz, yana cikin jagororin rundunar. Shekara guda bayan haka aka gama farfajiyar. Masu sassaƙa ɗaya, gida ɗaya, shekaru ɗaya: suna sha'awar hannun Musulmi, suna murnar cin garinsu.

Tun a wancan zamani ba kowa ne ya yarda da wannan ado ba. Wajen 1125 Bernar na Kilerbo, wani rahibi mai tsanani, ya rubuta suka mai zafi a kan gidajen Kuluni, yana ganin ɓarnar dukiya ce alhali matalauta suna ƙofa, kuma dodannin dutse suna ɗauke hankalin mai ibada daga littafi. Bai ambaci Muwasak ba, amma wanda ya zagaya rumfunan nan sau 3 kamar ni bai buɗe littafin da ke aljihunsa ba, ya san Bernar yana da hujja.

Faɗuwar gidan a hankali ta zo. Sarakuna suka mai da shugabancinsa ladan fadawa, ana naɗa manyan da ba su zauna a ciki ba, sai dai su aiko a karɓo musu kuɗin shiga. Mazaren, babban wazirin Faransa, yana cikinsu. A 1626 aka kawo ƙarshen zaman ruhubanawa, aka bar wa limamai wurin. A 1678 minista Kolber ya sa aka kwashe littattafan da aka yi ƙarnuka ana rubutawa da hannu a gidan, shi ya sa mai son karanta su yau sai ya je babban ɗakin karatu na ƙasa a Pari. Juyin juya hali ya rufe gidan a 1790, a 1793 kuma ƴan tarzoma suka bi duwatsun farfajiya da guduma, suna fasa fuskoki. Har yanzu za ka ga jiki da hannaye da tufafi lafiya lau, kai babu. An yi barikin soja a wurin, an dafa kanwar albarushi. Duk da haka Muwasak ta fi uwarta sa'a: majami'ar Kuluni sayar da ita aka yi ga dillalan dutse, suka yi ta rushe ta suna sayarwa daga 1798 har wajen 1823, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 10 ba.

Haɗari mafi girma cikin lumana ya zo, daga buro. A shekarun 1850 kamfanin jirgin ƙasa na Midi, na ƴan uwan nan Perer, ya samu izinin shimfiɗa layi daga Bordo zuwa Set a bakin Bahar Rum. Injiniyoyi suka ɗora rula bisa taswira suka ja layi tsakanin tudu da gari, layin kuwa ya ratsa ta tsakiyar farfajiyar. Ba ƙiyayyar addini ba ce a wannan karo. Mutane ne masu ilimi, masu lissafin kuɗin kowace kilomita, waɗanda ke ganin lanƙwasa hanya asara ce. Abin da ya tsaya musu shi ne wata takarda. Tun 1840 hukumar kula da gine-ginen tarihi, wadda marubuci Purosper Merime ke yi wa sufeto janar, ta fitar da jerin farko na wuraren da ƙasa ta ɗauki nauyin karewa, Muwasak tana ciki. Da wannan dosiye da koke-koken masu kishin wurin aka matsa har aka karkatar da layin ƴan mitoci zuwa arewa. Ma'aikaci ne ya ja layin, ma'aikaci ne kuma ya tare shi, kowanensu yana ganin aikin ƙasa yake yi. Ni a ganina mai rular bai yi ƙarya ba da ya ce yankin yana bukatar jirgi. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa abin da ba ya cikin lissafinsa ba shi da daraja.

Sulhun bai zo kyauta ba. Babban ɗakin cin abinci da madafa, waɗanda ke jingine da rumfar arewa, su aka rushe, layin ya raba gidan biyu, aka buɗe shi gaba ɗaya a 1857. Jirgin ya kashe sufurin kogi, ya kuma danne sabuwar hanyar ruwan da aka haƙa a gefen Garon, wadda aka gama a 1856 aka kuma danƙa wa shi wannan kamfani. Amma shi ne ya buɗe wa manoman tudun Muwasak kasuwar Pari, inda farin inabinsu mai suna shasla ya yi suna har doka ta kare sunansa a 1971. A 1998 UNESCO ta sa majami'ar da farfajiyar cikin kayan tarihin duniya, tare da sauran zangunan hanyar Kompostel, domin har yau masu ziyara suna biyowa ta nan da ƙafa, jaka a baya, ɓawon kifin teku rataye, da sauran tafiyar fiye da kilomita 1000 a gabansu zuwa Kompostel ɗin a Sipaniya.

Ina rumfar arewa, kusa da dutsen mayaƙan gicciye, wani jirgin kaya ya biyo ta bayan bango, daidai wurin da ruhubanawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin abinci ba mai cewa uffan. Matar da ke yi wa wasu baƙi bayani ta dakata da magana, hannunta yana nuni da dutsen, har taragon ƙarshe ya wuce, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.